Tafiyar Neman Uwar Iri

Kusan kullum in muka zauna ƙofar gidana bayan la'asar, sai wani ya leƙa zaure ya ce, "Malam Isufu, wai goran can da ke rataye, na mene ne?" An san dai na taɓa ƙetare iyaka a kansa, shi ya sa kowa ke ƙara gishirinsa. Wani ya ce aure na tafi nema aka sallame ni da gora, wani ya ce 'yan duwan masu binciken kaya a iyaka sun tsare ni kwana uku. Na gaji da ƙaryata mutane ɗaya ɗaya. Ga yadda aka yi, kowa ya ji ya huta.

Ina ɗan shekara ashirin da 'yan kai na fito daga lakwal, wato makarantar koyon aikin gona, aka tura ni malamin gona a wani ƙauye bayan Tajaye. Aka ba ni keke, da magaza ta ajiyar kaya mai ƙofar ƙarfe, da igiya mai ƙulle-ƙulle ta shuka a layi, da kwalayen wani jan magani da ake shafa wa iri don kada ƙwari da tururuwa su cinye shi a rami. A lokacin ji nake kamar ni na ƙirƙiro damina.

Takardar buro, wato ofishinmu, ta ce a shafa wa iri magani, duka. Na tara maza a dandali na karanta musu, maigari ya ƙara da cewa umurni ne daga sama. Abin da ban sani ba, don ban tambaya ba, shi ne wake a garin nan ba harkar maza ba ce. Mata ke ajiye irinsa cikin toka, su ke shuka shi tsakanin gero a 'yan gonakinsu. Mazan suka shiga ɗakuna, matan na rijiya, suka kwaso duk goran da idonsu ya gani. Na fasa bakunansu, na tankaɗe tokar, na shafe irin da magani ya yi jawur. Sannan na ja musu kunne cewa guba ne, kada ya daɗe a ɗakin da ke da yara. Saboda haka ruwan farko na sauka, aka shuke shi kaf. Ruwa ya ɗauke fiye da kwana ashirin. Tsiro ya fito, ya ƙone muna kallo.

Gero an samo wani irin a kasuwa. Amma akwai wani ɗan wake ja mai baƙin ido, suna ce masa rufa-asiri, wanda ke nuna tun gero bai fid da kai ba, daidai lokacin da rumbu ya koma sai ƙura. Shi ba a samun sa a kasuwa, daga uwa yake zuwa hannun ɗiya. A shekarar nan tafasa da ganyen daji suka riƙe mutane har kaka. Ba wanda ya zage ni, da ma sun zage nin da na fi samun sauƙi. Duk abin da na ce sai su ce, "To, Malam," su tafi su yi abin da suka ga dama.

Mutum ɗaya ce ba ta ɓoye ba, Inna Kulu, tsohuwar da ta yanke cibiyar rabin garin. Shekara guda cur ba ta amsa gaisuwata ba. Sai wata safiya a ƙarshen bazara, gabas ta fara baƙi, na ji an bugi ƙofar magaza da sanda.

"Kai ɗan lakwal, kana da ƙahwa?"

Na ce, "Ina da su, Inna."

"Ƙanwata Ige na aure can ƙetare, gaba da Gwadabawa. Da irin rufa-asirin ga aka kai ta ɗaki. In yana da saura a duniya, wurinta yake. Ni ban san takarda ba, kai ba ka san komi ba sai takarda. In mun haɗu mun yi mutum guda. Gobe da sahe."

Ba ta jira amsa ba. Ni ma na san lissafin: in ruwa ya riga mu sauka, an sake rasa shekara, ni kuwa sai dai in naɗe tabarmata in bar musu gari.

Muka fito ita bisa jaki, ni bisa keken gwamnati ina taƙama. Ba mu yi nisa ba ƙaya ta huda ƙafar baya, can gaba ta huda ta gaba. Daga nan har Malbaza ni ke tura keke cikin rairayi, jaki na gaba. Ba ta ce mini sannu ba. Ta dai sunkuya ta ce wa jakin, "Yi a hankali, kada ka bar dokin gwamna baya."

A Malbaza muka bar jakin da keken gidan wani mai faci, muka sami kamiyon da ya yi lodin siminti zai Konni. Direban mutumin kirki ne, ya ce tsohuwa ta shiga gaba. Ta leƙa ta ga injin na huci kusa da inda za ta sa ƙafa, ta ce ita ba gurasa ba ce da za a gasa ta. Dole muka hau bisa buhuna. Duk ramin da motar ta faɗa sai siminti ya tashi ya rufe mu. Kafin Tsarnawa na dube ta na ga har girarta ta yi fari fat, na kasa riƙe dariya. Ta harare ni ta ce, "Dubi kanka tukuna, kamar kazar da ta kwana a murhu." Wannan ce maganar farko da ta yi mini wadda ba umurni ba, kuma wallahi na ji daɗinta.

A Konni muka sauka gidan wani mahauci, ɗan ƙauyensu Inna ne, ita ta karɓi haihuwarsa. Matarsa da ta gan mu sai da ta ja da baya tana salati, ta ɗauka daga makabarta muke. Aka ba mu ruwa muka wanke, aka kawo tuwon gero da miyar kuka da ƙafar saniya. Inna haƙoranta uku ne a duniya, biyu a sama ɗaya a ƙasa, amma ta zauna ta yi wa ƙashin nan tas, ta turo mini jijiyar ta ce ƙuruciya ta yi aikinta. Konni ta lokacin ba ta cika ba, ana jin kiran salla daga wannan gefe zuwa wancan, kuma duk wanda ka gaisa da shi sai ya tambayi ruwa, ko hadari ya yi ta wajenku. Har yau in na ji ƙanshin miyar kuka da man shanu, gidan mahaucin nan nake tunawa.

Washegari sai iyaka. A namu gefen ɗan duwan ya karɓi takarduna ya juya su, muka yi Faransanci, na ji na dawo mutum. Ya juya wurin Inna ya ce ina nata. Ta dube shi sama da ƙasa.

"Ɗana, lokacin da na hwara bin hanyar ga ba a yaye uwarka ba. Iyakar ga da kuke hwaɗi, a gonar wa aka ja ta?"

Ya yi dariya, ya ɗaga mana sanda. A ɗaya gefen kuwa Faransancina ya mutu murus. Ɗan sandan ya yi mini Ingilishi, na yi masa Faransanci, muka tsaya muna kallon juna, sai da Inna ta ce, "Ku duka biyu ba nonon Hausa kunka sha ba?" Sannan muka gaisa kamar mutane, ashe ma kakanninsa daga wajen Bazaga suka tashi.

Lokacin ba su fito da naira ba, sule da fam ake kashewa, motocinsu kuma hannun hagu suke bi. Wannan ne ya kusa halaka ni. Na duba inda na saba dubawa na sa ƙafa a titi, sai ji na yi an fizgo rigata ta baya, wata tirela ta wuce da iskarta. Inna ce ta maƙalo ni da kan sandarta. Ta tsaya tana haki, sannan ta tambaye ni, tsakaninta da Allah, "Mutanen da ke bin hagu, da wane hannu suke cin tuwo?"

Da dama suke ci, na gani da idona. Amma cimarsu ta tasha ta bambanta da tamu. Mu fura muka sani da safe, su kuwa ga tebur ga benci, shayi da madarar gwangwani a babban kofi, da burodi mai laushi kamar katifa. Akwai kuma garin rogo, wanda a lokacin bai yawaita wajenmu ba. Inna ta sa aka auno mata, ta raina shi, ta ce a ƙara, ta zuba ruwa ta juya tana gaisawa da wata mata. Kafin ta waiwayo ya cika kwano ya yi tozo. Ta ture shi gefe ta ce, "Abin da ke girma a kwano, mi za ya yi a ciki?" Ni na cinye shi, kuma har Gwadabawa ban nemi komai ba sai ruwa.

A can na haɗu da takwarana, malamin gonarsu, da gajeren wando da doguwar safa da babur. Da ya ji aikina ya rungume ni kamar ɗan'uwa, ya kai ni ganin gonar gwajinsa a bakin titi. Layi ya miƙe sambal, ga allo da rubutun Ingilishi. Na ce wa ke karanta allon. Ya ce, "Manyan da ke wucewa a mota." Na ce manoma fa? Ya ce, "Naku ma 'to' suke ce maka?" Muka yi ta dariya, irin wadda ba ta kai ciki. Shi ya nuna mana hanyar ƙauyen su Ige, ya kuma sama mana jakin haya.

Garin a bakin fadama yake, ga albasa ga rake, ana ɗebo ruwa da jigo. Na ga kore a bazara har na ji hassada. Inna da Ige sun shekara goma sha wani abu ba su ga juna ba. Suka riƙe hannu suka yi kuka, suka zauna suna jera waɗanda suka rasu, wannan ta faɗi nata waccan ta faɗi nata, har rana ta yi sanyi. Da aka tambayi ko ni wane ne, Inna ta ce, "Jikana na, ɗan rakiya." Aka shimfiɗa mini tabarma a zaure, aka kawo tuwon shinkafa, abin da mu sai da salla.

Da hantsi Inna ta faɗi abin da ya kawo mu. Ige ta ajiye tsintsiyar hannunta.

"Rufa-asiri ya ƙare gare ku? Duka? To ina uwar irin?"

A nan na fara jin wannan kalma, ni da na yi shekara biyu a lakwal. Ashe ƙa'idar uwarsu ce, kuma ta duk matan garinmu: iri kashi uku ake yi masa. Kashi ɗaya na ruwan farko, kashi ɗaya na ruwan biyu in na farkon ya ci amana. Na ukun shi ne uwa, ba a taɓa shi sai an ga sabon wake a hannu. Gorunan da na fasa a dandali, har da uwayen irin garin gaba ɗaya.

Ige ta tashi tsaye. "Yaya, ke da uwarmu ta danƙa ma babban gora? Ke ta koya min liƙe baki da laka. Mu ma bara ba mu samu ba, abin da ya rage min uwar ta kawai da ɗan abin shuka. In raba ta in ba hannun da ya watsar da tashi? Hwaɗa min yadda anka yi."

Inna Kulu, wadda ba ta bar wa ɗan duwan ta kwana ba, ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin zanenta. Ta ce, "Tsuhwa ta, Ige. Na yi sake."

Na gane dabararta. In Ige ta ji malamin gona ne ya yi ɓarnar, kuma yana nan a garin da jan maganinsa, ba za ta ba da ko ƙwara ba. Tsohuwar nan ta gwammace ƙanwarta ta raina ta a kan mu koma hannu sake. In na yi shiru, wataƙila zumunci ya sa a ba mu. In na yi magana, wataƙila na sake kashe irin karo na biyu. Na san haka sarai, amma bakina ya ƙi rufuwa.

Na ce, "Inna Ige, ba ita ba ce. Ni ne. Ba jikanta ba ne ni, malamin gonar garin ne. Tana rijiya aka ɗauko goranta, ni na fasa shi da hannuna, na shafe irin da jan magani, aka shuke shi kaf."

Inna Kulu ta ce, "Kai dai an yi wawa," a hankali, ba ta ko ɗago ba.

Ige ta kalle ni sama da ƙasa. Sannan ta shige ɗaki ta sako labule. Muka zauna a tsakar gida, kaji na ta kiwo a gabanmu. Ban taɓa jin tsawon lokaci irin na ranar ba. Har na fara tunanin ta wace hanya zan bi in wuce garinmu ba tare da na shiga ba.

Can sai ga ta da gora, da faifai, da kaskon toka. Ta dire su gabana, ba gaban yayarta ba.

"Kai ka iya hwasawa. Yau za ka koyi liƙewa. Garuruwa nawa kake yawo a aikin naka?"

Na ce goma sha ɗaya.

"To garuruwa goma sha ɗaya za ka kai maganar ga, yadda kake kai jan maganinka. Kuma rijiya za ka hwara zuwa, ba dandali ba."

Ta fasa bakin goran, ta juye a faifai, ta sa gefen hannunta ta raba uwar irinta gida biyu daidai. Ta sa ni na tankaɗe toka mai sanyi, na cuɗa, na ɗura a sabon gora ina bubbuga gindinsa har ya cika ba wurin iska, na kwaɓa laka na liƙe. Sau biyu tana sa ni in sake. Da muka gama ta ɗan matso ta rage murya, ta ce tururuwa na tone mata shuka, wai da gaske maganin nan na hana su? Na ce yana hanawa. Akwai ƙulli biyu a aljihuna, na ba ta, na ce ta shafa wa abin da za ta shuka a ranar kaɗai, sauran ta bar shi cikin tokarsa. Ta ce, "Ka gani, yanzu ka yi magana irin ta mutane."

A dawowa goran na ƙirjina kamar jariri. A iyaka wani jandarma ya ga baki liƙe da laka, ya girgiza ya ji nauyi, ya ce albarushi ne, a buɗe. Na fara zuba Faransanci, Inna ta ture ni ta ɓare lakar da kanta, ta tono masa a tafin hannu. Ya hure tokar, ya tsaya yana kallo. Ya ce rabonsa da ganin waken nan tun kakarsa na da rai. Ta ƙirga ƙwara bakwai ta ba shi, ya ƙulle a hankici ya sa a aljihun gaba. Ni na sake liƙe goran a bakin hanya da lakar tulun mai sayar da ruwa, kuma bai tsage ba.

Daga Malbaza hadari ke bin bayanmu, muna shiga gari da kwana ɗaya ya zuba. Da safe na wuce dandali, maza na kallona, na nufi rijiya. Na tsaya nesa kaɗan na yi sallama, kunya kamar ta kashe ni, na ce na zo a koya mini, kuma na zo da roƙo: kashi ɗaya za a shuka. Matan suka dubi Inna Kulu. Ta ce, "Ku saurari maigidana, ya yi hankali." Aka fashe da dariya. Wasan kaka da jika ke nan, kuma daga ranar ba ta sake ce mini ɗan lakwal ba.

Shukar farko ta ƙone, kamar bara. Ta biyu ta kama. Kafin gero ya fid da kai, ana dafa rufa-asiri a gidaje shida, shekara ta gaba kuwa a kowane gida. Na kai maganar garuruwa goma sha ɗayan nan, har na rubuta wa buro, ko an karanta ban sani ba. Abin da na sani shi ne mutane suka fara yi mini gardama, su ce, "A'a Malam, wannan ba za ta yiwu ba, ga dalili." Ranar da aka fara ce mini a'a na san na zama malamin gona.

Da ciwon ajali ya kwantar da Inna, ta aika aka kira ni, ta sa aka ciro goran daga bayan gadonta. Ta ce magazata ba ɓera, ba yara, kuma duk garin ba wanda ya kai ni tsoron fasa shi. Kowace kaka ina juye tsohon in ɗura sabo, har yau.

Bayan rasuwarta aka shiga manyan shekarun fari. Wata rana wani mai jaki ya yi sallama a ƙofar magaza, ya ce daga ƙetare yake, Ige na gaishe ni, ta ce a gaya mini nasu ya ƙare, har uwar. Na sauke goran, na juye a faifai, na sa gefen hannuna na raba biyu. Ban ba ɗan aiken ba, ni na kai da kaina.

Hanyar dai ita ce, kamiyon siminti, gidan mahauci, sandar iyaka. Sai dai na tarar sun koma naira, motocinsu sun dawo hannun dama irin namu, na ƙetare titi lafiya lau ba wanda ya fizgo ni. A tasha na sayi garin rogo na zuba ruwa, na zauna ina kallonsa yana tashi a kwano, na kasa ci.